Sa Hannun Ma'u

Litinin, 6 ga Mayu, ƙarfe 1 na rana

Sanarwar ta iso teburina da safe, cikin tarin da zan gyara kafin jarida ta tafi ɗab'i. Sashen yara na asibitinmu na unguwar Tokoin zai buɗe bincike uku: zazzaɓin cizon sauro, bakwaini, da sikila. Ana so matasan likitoci da ɗalibai su nemi gurbi. Can ƙasa, da ƙananan haruffa, ana neman yara sittin masu sikila, daga shekara biyar zuwa goma sha biyu. Magani kullum, awon jini duk wata, har shekara biyu. Za a rufe rajista ranar Juma'a 31 ga wata.

Na gyara waƙafi biyu, na mayar da adireshin sama. Sannan na ɗauki hoton takardar da wayata.

Afra'u shekararta takwas. Bara sau biyar aka kwantar da ita.

Laraba, 8 ga Mayu, ƙarfe 4 na yamma

Mun je. Wadda ke karɓar yaran sikila Dokta Zahida ce, 'yar Malam Amadou tela na bayan masallacin Juma'a. Na san ta tun tana kai wa babanta abinci shago. Ita ma gurbi ta samu a binciken. Likitoci goma sha huɗu suka nema aka ɗauki biyu, kuma a kan wannan aikin za ta rubuta kundinta na ƙwarewa.

"Tanti Meimuna, yau ke ce a ofishina? Bismillah, zauna. Madmazel, wa ya yi miki wannan kitson?"

Afra'u ta ce, "Mama. Ba ta iya ba."

"Ai na gani."

Ta yi min bayani ba ɓoye-ɓoye. Maganin ba sabo ba ne a duniya. Abin da suke son sani shi ne gwargwadon da ya dace da yaranmu, da ko zai rage kwanciya asibiti da damina. Ta lissafa min illolinsa. Na yi tambaya goma sha ɗaya.

"Tanti, hira kika zo yi da ni ko rajista?"

Na cike takardar na miƙa wa Madam Akossiwa, nas ɗin da ke riƙe da fayilolin binciken. A layin da aka ce dangantaka da yaron, na rubuta uwa. Ban tsaya tunani ba.

Wannan ba daidai ba ne. Na tsaya, kamar numfashi biyu.

Juma'a, 10 ga Mayu, ƙarfe 3 na rana

Zahida ta kira ina ofis a unguwar Amoutivé.

"Tanti, akwai matsala a dosiyen, fayil ɗin Afra'u. Madam Akossiwa ta duba takardar haihuwa. Sunan uwa Asma'u Tchakoura."

"Ƙanwata ce."

"Na sani, duk unguwarmu ta Zongo ta sani. Wallahi ni ma ban lura ba, a kaina ke ce uwarta. Amma kwamitin da ke duba takardunmu ba a Zongo yake zaune ba. Ko mahaifi, ko mahaifiya, ko takardar kotu. Kuma mai sa hannun da kansa zai zo."

Bari in rubuta shi yadda nake koya wa sababbin ma'aikata, abin da ya faru kawai.

Ma'u ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, na girme ta da shekara tara. Afra'u 'yar farinta ce. Da aka yaye ta, Inna ta goyo ta da kanta ta kawo min riƙo, kamar yadda ni ma aka kai ni gidan Gwaggo Ummu Hani da aka yaye ni. Ba wanda ya je kotu, ba wanda ya ga dalilin zuwa. Shekara shida ke nan. Tasi'u mahaifinta yana Libreville, sai bayan shekara biyu yake leƙowa. Ma'u tana unguwar Cacavéli, tana sayar da atamfa.

Ni da Ma'u ba mu yi magana ba tun ranar sadakar arba'in ɗin Inna, shekara uku da suka wuce.

Iyakar labarin ke nan.

Asabar, 11 ga Mayu, da hantsi

Lambarta tana wayata. Ban taɓa share ta ba.

Litinin, 13 ga Mayu, ƙarfe 5 na yamma

Na yini a kotu. Magatakardan mutum ne mai haƙuri, ya karanta min jerin abin da ake buƙata kafin a ba ni takardar riƙo a hukumance. Na bakwai a jerin shi ne amincewar iyaye, da sa hannunsu. Ya ce in komai ya tafi daidai, wata uku.

Na tura wa Tasi'u saƙo. Ya amsa da murya, wani inji yana ƙara a bayansa: "Yaya Meimuna, ni in da hoto ake sa hannu da na sa yanzu. Ki yi wa 'yar'uwarki magana mana. Zongo da Cacavéli ai ba jirgi ake hawa ba."

Zahida ta ce an ɗauki yara talatin da uku.

Alhamis, 16 ga Mayu, bayan la'asar

Gwaggo Ummu Hani ta aiko a kira ni. Labari ya riga ni isa. Na same ta tana tsince wake, ko amsa gaisuwata ba ta gama ba.

"Ke dai Allah ya ba ki alƙalami ya hana ki ƙafa. Shugaban ƙasa in ya yi ba daidai ba sai ku cika shafi, amma ƙofar ƙanwarki ta gagare ki."

"Gwaggo, ba ki san abin da ke ciki ba."

"Ina wurin ranar sadakar. Ni na riƙe mata mayafi da ta tashi za ta fita. Me ban sani ba?"

Ta ce in ina so ta je ta roƙa min, za ta je, amma abin da baki ya ɓata ba a aika wani bakin ya gyara. Ta ba ni waken in kai wa Afra'u.

Duk Sallah Gwaggo ce ke kai Afra'u Cacavéli ta gaishe da Ma'u. Tana dawowa da atamfa turmi ɗaya. Ban taɓa tambayarta abin da suke cewa ba. Atamfofin suna akwati, guda shida, ban kai ɗinki ba.

Asabar, 18 ga Mayu, ƙarfe 11 na safe

Ruwa tun asuba. Layinmu ya cika, yara suna tsallaka bulo-bulo. Afra'u ta ƙi koko, ta kwanta a tabarma ta juya wa ƙofa baya.

Lahadi, 19 ga Mayu, ƙarfe 2 na rana

An kwantar da mu. Gado na tara, kusa da taga.

Litinin, 20 ga Mayu, ƙarfe 10 na safe

An sa mata ƙarin ruwa da maganin ciwo. Ba ta kuka, ba ta taɓa yi ba, sai dai ta riƙe ƙarfen gado tana kallon silin. Na karanta mata shafi ashirin na littafin makarantarsu, ban san ko ta ji ba.

Ƙarshen barandar nan ne ɗakin binciken. Daga inda nake zaune ina ganin iyaye suna shiga, suna fitowa da kati mai ruwan ɗorawa. Wata mata 'yar ƙabilar Kotokoli a gado na takwas ta nuna min nata, lamba arba'in da shida. Ba ta iya karatu ba, da babban yatsa ta dangwala. Ta tambaye ni lambar tawa 'yar. Na ce muna jira.

Ɗalibai biyu na binciken bakwaini sun wuce da ma'auni suna gardama kan giram ashirin. Na so a ce aikina ke nan, in auna abu ya tsaya inda na auna shi.

Talata, 21 ga Mayu, bayan azahar

Afra'u ta ci rabin lemo. Ta ce, "Mama, ni me ya sa ba a ba ni katin ba?"

Na ce akwai takardar da ta rage.

"Ke da kike gyara takardu?"

Hamsin da ɗaya.

Laraba, 22 ga Mayu, ƙarfe 6 na yamma

Gwaggo ta zauna da Afra'u. Na hau zem, mashin haya, har Cacavéli. Ƙofar gidan an sake mata fenti, shuɗi yanzu. Itacen mangwaron da muka dasa tare ya wuce katanga. Mai mashin ya ce, "Madam, nan ne ko ba nan ba ne?" Na ce ba nan ba ne. Ya mayar da ni Tokoin.

Alhamis, 23 ga Mayu, ƙarfe 5 na yamma

Na shiga.

Ma'u tana tsakar gida tana ninke atamfa. Ta rame. Ta sa gilashi, ban san ta fara sa gilashi ba. Ta kalle ni, ta ƙarasa ninkin da ke hannunta, sannan ta jawo min kujera da ƙafa.

"Yaya, ina wuni."

"Lafiya, Ma'u. Ya gida?"

"Lafiya."

Ta kawo ruwa a kofin Inna, mai bakin da ya ɓantare. A bango akwai hoton marigayi Nu'uman, ɗanta na biyu, da rigar Sallarsa ta ƙarshe. Shekara uku yake da shi a hoton. Shi ba a kai ga samun wani bincike ba. Na zauna yadda hoton zai koma bayana.

Na tsara magana tun a hanya, sakin layi uku. Na fara da na farko.

"Ma'u, maganar da na yi ranar sadakar Inna..."

"Bar ta, Yaya. Na ji ta, mata ashirin ma sun ji ta. Ba sai kin maimaita ba, kuma ba ta janyuwa. Me ya kawo ki?"

Na gaya mata. Asibiti, yara sittin, ranar 31, sa hannu. Ban gaya mata abin da na rubuta a layin ba. Ta saurara tana shafa gefen atamfa da yatsa.

"Jikin nata fa?"

"Da sauƙi. Gobe za a sallame mu."

"Litinin ba na fita kasuwa. Ƙarfe nawa?"

Ta raka ni har ƙofa. Ina son in taɓa kafaɗarta. Ita ce nake goyawa in kai makarantar allo duk lokacin da na zo hutu gidan Inna, nauyinta har yanzu bayana ya san shi.

Asabar, 25 ga Mayu, da hantsi

Muna gida. Hamsin da biyar. Na yi wa Afra'u kitso, ta ce wannan ya fi na baya muni.

Litinin, 27 ga Mayu, ƙarfe 3 na rana

Ba a karɓa ba.

Ma'u ta riga mu zuwa, da katin shaidarta a leda. Afra'u ta durƙusa ta ce, "Tanti, ina kwana." Ma'u ta amsa tana kallon bango, kamar kullum. Zahida tana zagayen marasa lafiya a wani ɗakin. Madam Akossiwa ta shigar da Ma'u ita kaɗai tare da mai shaida, don ƙa'idarsu ce kada wani ya tsaya a kan mai sa hannu. Na zauna a bencin waje, ƙarƙashin taga. Da harshen Mina suke magana, Ma'u ta fi ni iyawa.

Komai ya tafi daidai har tambaya ta huɗu. Madam ta ce ta faɗi sunan yarinyar.

Shiru.

Ta sake tambaya. Ma'u ta ce, "Yarinyar Yaya ce."

"Sunanta nake tambaya."

"Yana nan a takardarku."

"Madam, ke kika haife ta ko ba ke ba?"

"Ranar Talata, da ruwa, a asibitin nan."

"To mene ne sunanta?"

Na ji kujera ta motsa. Ma'u ta fito ta wuce ni, ta wuce Afra'u, ta sauka matakala.

Madam Akossiwa ta fito da fayil ɗin a ƙirjinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a dosiye ɗaya ta ga uwa biyu, ta farko ba ta haifa ba, ta biyu ba ta san suna ba, kuma ita ce za ta amsa tambaya in kwamiti ya zo. Na fara yi mata bayani da Faransanci mai kyau. Ta ce, "Madam, ke ce kika rubuta uwa." Da ni ce a kujerarta, abin da zan yi ke nan.

Laifina ne. Ma'u ba ta taɓa kiran sunan 'yar farinta ba, ba za ta kira ba, kunyar ɗan fari ce, haka aka raine mu. Na karanta takardar shafi tara, na yi tambaya goma sha ɗaya, ban tuna da wannan ba. Ni ma 'yar fari ce, har Inna ta rasu ba ta taɓa cewa Meimuna ba. "Ta gidan Gwaggo," haka take cewa. Ranar da sunana ya fara fitowa a jarida na kai mata, ta sa yatsa a kansa ta daɗe, sannan ta tambaya ko na ci abinci.

Talata, 28 ga Mayu, ƙarfe 1 na rana

Zahida ta zo gida da kanta, ko farar rigar ba ta cire ba.

"Tanti, da kin gaya min sai in tsaya a wurin. Ni ma mamana haka take da yayanmu, har yau 'mai sunan Malam' take cewa. Amma yanzu dosiyen ya sha alama biyu. In na matsa, za a ce likitar Zongo tana cusa 'yan unguwarsu, kuma duk yaran da na ɗauka sai a sake duba su."

Na ce kada ta sa aikinta a haɗari.

"Ba izininki na zo nema ba. Na zo in gaya miki gobe zan ga Farfesa, shugaban binciken."

Wayar Ma'u a kashe. Hamsin da bakwai.

Laraba, 29 ga Mayu, bayan la'asar

Farfesa ya yarda da sharaɗi. Nas za ta karanta sunan, uwa ta ce eh, mai shaida ya rubuta dalili. Kuma tunda babu takardar kotu, wadda ta sa hannu ita za ta riƙa kawo yarinyar awon kowane wata. Ya ce Zahida ta rubuta rabin shafi kan al'adar a ƙara cikin ƙa'idojin binciken, don ba mu kaɗai ba ne.

Na je Cacavéli, ƙofa a kulle. Na bar saƙo wurin maƙwabciya. Na gaya wa Gwaggo, ta ɗauki mayafinta ta fita.

Alhamis, 30 ga Mayu, ƙarfe 6 na yamma

Ba labari. Hamsin da takwas. Duk mashin ɗin da ya tsaya a layinmu sai na leƙa.

Juma'a, 31 ga Mayu, ƙarfe 4 na yamma

Mun isa ƙarfe takwas. Tara, goma, sha ɗaya. Afra'u ta ƙirga fale-falen barandar sau biyu. Sha biyu saura kwata Ma'u ta hawo matakala, Gwaggo a bayanta tana haki tana zagin wanda ya gina asibiti a sama.

Zahida ta tare ta. "Tanti Ma'u, ba sai kin faɗi komai ba. Za a karanta, ki ce eh, voilà, shi ke nan."

Suka shiga. Na koma bencina.

Tambaya ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Na ji Madam Akossiwa ta juya shafi, ta ja numfashi za ta karanta. Ma'u ta riga ta.

"Afra'u. Afra'u Tasi'u. Ni na zaɓa mata."

Gwaggo ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Afra'u tana gefena, ta daina kaɗa ƙafa. Ban san Ma'u ce ta zaɓi sunan ba, na ɗauka Inna ce.

Kati mai ruwan ɗorawa, lamba hamsin da tara. Madam Akossiwa ta miƙa wa Ma'u, Ma'u ta miƙo min. Awon farko Talata 11 ga Yuni, ƙarfe bakwai na safe, kafin a ci komai.

A bakin ƙofar asibiti Ma'u ta ce, "Daga Zongo da ruwan nan ba za ku iso bakwai ba. Cacavéli ta fi kusa. Ta riƙa kwana wurina daren awon."

Gaskiya ce. Na duba ta kowane gefe, gaskiya ce.

Na ce to.

Lahadi, 2 ga Yuni, da hantsi

Ta samu gurbin. Na rubuta shi don in gan shi a rubuce. Ta samu.

Alhamis, 6 ga Yuni, bayan azahar

Afra'u ta ce, "In na je, me zan riƙa ce mata?"

Na ce abin da bakinta ya ba ta.

Ta yi tunani. "Ita ta iya kitso?"

"Ta fi kowa a gidanmu."

Litinin, 10 ga Yuni, bayan magariba

Ma'u ta zo da la'asar ta ɗauke ta a tasi. Na sa mata kaya a jakar makaranta, katin a aljihun gaba. Na share ɗaki, na sake sharewa.

Ana idar da salla wayata ta yi ƙara. Sunan Ma'u a kai, karon farko a shekara uku.

"Yaya, ta ƙi shan ƙwayarta ta yamma. Ta rufe baki. Ya kike yi?"

Shekara shida na yi ina koyon wannan, ba wanda ya koya min, kuma ba wanda ya sani sai ni.

Na ce ta ajiye ƙwayar a murfin kofi ta juya baya, ba ta sha in ana kallonta. Ruwan wanka mai ɗumi, ko da ta ce zafi take ji. Safa tana ƙasan jaka. A ajiye ruwan sha kusa da kanta. In ta yi shiru tana murza ƙwaurinta na hagu, ciwo ne ya fara, ba za ta faɗa ba, kada a jira ta faɗa. Gobe in za a ɗebi jini, hannun dama ya fi ba da jijiya, kuma kada a ce mata ba zafi, ta tsani a yi mata ƙarya.

"A hankali, Yaya. Maimaita min na ƙwaurin."

Na maimaita. Na gaya mata duka, ban rage ko ɗaya ba.